Jirgin Alhaji da Tsakar Gidan Hajiya

Assalamu alaikum Malam. Ni dattijo ne mai shekara 63 a nan Kumasi. Sana'ata gyaran wutar mota a Magazin ta Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, amma bara ciwon baya ya sa na bar wa yarana shago na dawo gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne, ina yaro yakan ɗauke ni a jirgi mu je Takoradi mu dawo. Da Ƙaramar Sallah ɗana da ke Jamus ya zo mini da tsarabar wani ɗan ƙaramin samfurin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, na hannu, an rubuta LGB a jikinsa: kan jirgi kore mai ƙafa huɗu, tarago biyu, layi mai zagaye da taransifoma. Na haɗa shi a falo, jikoki suka yi ta tsalle, ni kuwa wallahi sai da na yi ƙwalla. Daga baya na ga a YouTube yadda Turawa ke shimfiɗa irin wannan layi a lambun gida, su sa wa jirgin batir su tuƙa shi da rimot. Tun ranar zuciyata ba ta bar wurin ba. Na auna tsakar gidanmu, na ga za ta ɗauki layi kamar mita 20.

Matsalar ita ce Hajiya. A nan take shanya, a nan take girki in an yi baƙi, kajinta da ayoyonta da barkononta duk a nan suke. Ga bikin 'yar autarmu bayan Babbar Sallah, tana ta faman haɗa kayan ɗaki. Da na kawo maganar sai ta ce wai tsufa ya zo mini da ƙuruciya, ana neman kuɗin biki ni ina neman kayan wasa. Raina ya ɓaci, na ce mata gidana ne, da gumina na gina shi. Tun daga nan gaisuwa da abinci kawai ke haɗa mu. Abokaina na masallaci su ma da suka ji sai dariya. Malam, abin kunya ne ga mai shekaruna? In ba abin kunya ba ne, ta ina zan fara da batir da rimot ɗin ba tare da na yi asara ba? Kuma yaya zan shawo kan Hajiya?

Wani dattijo, Kumasi

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan Baba da rahama, kai kuma ya ba ka sauƙin bayan nan.

Babu abin kunya a cikin abin da kake so, kuma ina so ka cire wannan daga ranka tun yanzu. Mutumin da ya yi shekaru yana kama hanyar Suame da sassafe, hannunsa ya saba da waya da filaya, ba zai iya wuni a kan tabarma daga kiran salla zuwa kiran salla ba. Zaman banza yana karya dattijo da sauri fiye da ciwo. Ka samu abin da zai sa ka tashi da safe da shiri a kai, wanda kuma yake buƙatar ainihin ilimin da ka tara a sana'arka, wannan alheri ne. Abokanka na masallaci kowannensu yana da inda zuciyarsa ke hutawa: wani tantabaru, wani dara a gindin bishiya, wani ƙungiyar ƙwallon Kotoko in tana wasa a filin Baba Yara. Naka baƙo ne a idonsu, shi ne dalilin dariyar. Kada ka yi musu da su, ka bari sai ranar da jirgin ya tashi ka gayyace su shan shayi. Iyakar da addini ya sa maka ita ce wadda ka riga ka sani: kada ya cinye maka salla, kada ya cinye haƙƙin iyali. In kuma 'yan mutum-mutumin roba da ake jerawa a tashoshin irin wannan jirgi ba su kwanta maka ba, ka bar su, jirgi zai yi tafiyarsa ba tare da su ba.

Abin da ɗanka ya kawo maka ma ba irin kayan wasan da yaro ke karyawa a mako ɗaya ba ne. Kamfanin Lehmann na birnin Nurnberg ne ya fito da LGB a 1968, an kuma ƙera shi musamman don ya jure ruwa da rana a waje. Faɗin layinsa milimita 45 ne. Tsohon layin dogonmu na Gana, wanda aka fara daga Sekondi a 1898 ya iso Kumasi a 1903, aka kuma haɗa shi da na Akra a 1923, faɗinsa milimita 1,067. Ka raba za ka ga kusan kashi ɗaya cikin 24 ke nan, wato layin da ke falonka ya yi daidai da ƙaramin hoton layin da Baba ya yi wa hidima. Jikokinka sun tashi a garin da aka daɗe rabon da jirgin fasinja ya shigo, abin da suka sani shi ne 'yan kasuwa da ke baje kaya a kan dogo a wajen Kejetia. Kana da abin da za ka nuna musu wanda ba su taɓa gani ba, kuma na fahimci dalilin ƙwallarka.

To amma, Alhaji, ni da kai mun san ba jirgi ne ya sa Hajiya ta yi sanyi ba. Kalmar nan ce, "gidana ne." A takarda gidanka ne, ba mai musu. Sai dai ka tuna shekarun da kake fita da asuba ka dawo bayan magariba, wa ke cikin tsakar gidan nan? A nan ta yi goyo, a nan ta yi wanki da daka, a nan ta yaye 'ya'yanka har da wadda za a aurar. Wurin aikinta ne, kamar yadda shagon Magazin yake naka. Da wani ya shigo shagonka da tef yana awo bai ce maka komai ba, da ka tambayi dalili sai ya ce ai filin nasa ne, na tabbata da ranar ba ka ci abinci da daɗi ba. Ka ce ka auna tsakar gida ka ga za ta ɗauki mita 20, amma ban ga inda ka ce ka shawarce ta kafin awon ba.

Ka kuma duba halin da take ciki. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah kamar kwana saba'in ne kacal. Uwar amarya a irin wannan lokaci ba ta barci, lissafin gado da katifa da tukwane da atamfa ke yawo a kanta, ga tunanin abin da dangin ango za su gani su faɗa. A cikin wannan lissafi ta ji maigida yana maganar sayo kaya daga Turai. Ko ni ne gabana zai faɗi. Ban ce kalmar da ta yaɓa maka daidai ba ce. Ta yi zafi, kuma ba ta dace da mutumin da bai taɓa kasawa a hidimar gidansa ba. Amma tata kalmar tsoro ne ya haife ta, taka kuwa ta taɓa matsayinta a gidan da ta ƙare ƙuruciyarta a ciki. Don haka kai ya kamata ka fara zuwa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa, kuma girmanka ba zai ragu ba don ka riga ta.

Ka same ta bayan isha, ba yara ba jikoki, ka ce mata maganar nan da ka faɗa ba ta dace ba, gidan nan naku ne tare, ta yi haƙuri. Ka tsaya a nan. Kada ka ambaci jirgi a wannan dare ko da kalma ɗaya, don in ka haɗa ban haƙuri da buƙata za ta ɗauka ciniki ka zo yi. Bayan kwana biyu ko uku, in fuska ta saki, sai ka ba ta labarin da ka ba ni. Ina kyautata zaton ba ka taɓa gaya mata yadda Baba ke riƙe hannunka a tasha ba, ko yadda wuni yake yi maka tsawo tun da ka bar shago, ko cewa ka yi ƙwalla ranar da jirgin ya fara zagaya falo. Ita kayan wasa ta gani saboda iyakar abin da ka nuna mata ke nan. Sannan ka ɗaukar mata alkawari a fili: ko sisin kwabo ba zai fita daga kuɗin biki ba, ba za a aza bulo ko ɗaya a tsakar gida ba sai an kai amarya, kuma in lokacin ya yi ita za ta nuna inda za a iya taɓawa da inda ba za a taɓa ba. Alkawarin jira har bayan biki ma ba alfarma ba ce, dole ce, don a wannan fili mata za su kafa murhu su jera manyan tukwane kwana da kwanaki. Duk layin da ka shimfiɗa yanzu tattake shi za a yi.

Jiran kuma ba zaman banza ba ne, domin aikin da ya fi daɗi, mayar da jirgin kan batir, a kan tebur ake yin sa, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Ra'ayinka na batir daidai ne, musamman a garin nan. Yadda jirgin ya zo maka, wuta tana tashi daga taransifoma ta bi ƙarafan layi, ƙafafun jirgi su ɗauke ta su kai wa moto. A falo lafiya lau. A waje kuwa muna da damina biyu, daga wajen Maris zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba. Ruwa ya fantsama jar ƙasa a kan layi, hunturu ya zo ya lulluɓe shi da ƙura, kaji su yi kashi, tagullar ta yi duhu. Duk inda datti ya shiga tsakanin ƙafa da ƙarfe jirgi zai tsaya cak, kuma kowace mahaɗa tsakanin guntun layi da guntu wuri ne da wuta ke iya yankewa. Kai ka fi ni sanin abin da sakakken haɗi ke yi wa mota. Sai ka ƙare kullum a durƙushe kana gogar layi da wannan bayan naka. Ga haɗarin jan waya mai bolt 230 zuwa wurin da ake wanki, yara na yawo ba takalmi, ga dumso, wato yawan ɗauke wuta. Da batir duk wannan ya kau, layi ya zama hanya kawai.

Daga yadda ka kwatanta shi, ina jin kan jirgin nan shi ne wanda suke kira Stainz, wanda ya fi yawa a akwatunan farawa na LGB. Ƙarami ne, ba shi da wurin ɓoye batir, don haka kada ka wahalar da kanka da cusawa. Ka sa komai a cikin taragon da ke bin sa: batir, daga shi sai fis na kamar amfiya 3 a kusa da bakinsa, sai makunni, sai na'urar da ke karɓar saƙon rimot ta daidaita gudu. Daga nan waya biyu masu filogi su tsallaka zuwa moton kan jirgi. Abin da ba a wasa da shi shi ne raba moton da layi gaba ɗaya. In ka kifa kan jirgin za ka ga 'yan takalman ƙarfe da ke gogar layi a tsakanin ƙafafu, a ciki kuma akwai 'yan burushin gawayi da ke taɓa bayan ƙafafun. Ka cire su ko ka yanke haɗinsu. In ka bar su, batir zai riƙa tura wuta cikin layi, ranar da ƙusa ko cokali ya faɗa a kan ƙarafan biyu sai wayoyi su ƙone. Kafin ka kwance ko dunƙule ɗaya ka ɗauki hoto da wayarka, kuma duk abin da ka cire ka adana a gwangwani, don wata rana kana iya son mayar da shi yadda ya zo.

Moton irin wannan jirgi yana ɗaukar har sama da bolt 20, amma bolt 14 zuwa 15 ya ishe shi tafiya mai kyau. Hanya biyu ce. Ko batir 12 masu girman na rediyo, irin NiMH da ake yi wa caji, kowanne bolt 1.2, su ba ka 14.4, ko huɗu na litiyam masu lamba 18650, kowanne 3.7, su ba ka 14.8. A gidan da jikoki ke shiga ko'ina ni na fi karkata ga na farkon, sun fi haƙuri da kuskure. In litiyam ka zaɓa, ina roƙonka kada sabonka da batirin mota ya sa ka raina shi, halinsu ba ɗaya ba ne. Ka sayi wanda aka haɗa daga kamfani da allon kariya a jikinsa, da cajar da aka yi dominsa. Kada ka haɗa tsofaffin da aka ciro daga kwamfutar hannu, kada ka bar shi a rana, kada ka sa shi caji ka kwanta barci, kuma ka riƙa yi masa caji a kan siminti nesa da katifa da labule. Na gaskiya a irin wannan girma ƙarfinsa ba ya wuce wajen 3,500 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), saboda haka duk wanda ka ga an rubuta masa 9,000 a kasuwa ƙarya ce, ka wuce. Mai 2,500 ma, ko da jirgin yana jan amfiya ɗaya cif, zai ba ka sama da awa biyu, kuma ƙaramin kan jirgi da tarago biyu a kan shimfiɗaɗɗen layi yawanci ba ya jan haka. In naka yana da na'urar fitar da hayaƙi, ka yi mata makunni nata, tana shan batir.

Kafin ka kashe kuɗi a rimot, ka gwada da ɗan abin daidaita gudun moto mai marfin murɗawa, da makunnin gaba da baya, ka ɗaura su a rufin tarago. Ana samun su wurin masu kayan lantarki, kuma da su za ka tabbatar haɗinka daidai ne. In ka zo sayen rimot, ka nemi mai aiki a kan gigahaz 2.4, wanda ake ɗaura rimot da abin karɓarsa su san juna, wani saƙo ba ya shiga tsakaninsu. Ka yi hattara da na motocin tsere na yara: an yi su don fizga da birki, jirgi kuwa so yake ya tashi a hankali ya tsaya a hankali, kuma da yawansu ba sa jure wutar da ta wuce bolt 12. Ka duba cewa na moto mai burushi ne, yana da gaba da baya, kuma yana ɗaukar bolt 17, don litiyam huɗu in sun cika suna kai 16.8. Kamfanin PIKO na Jamus yana yin ƙaramin abin karɓa da rimot ɗan aljihu domin irin waɗannan jirage. Ba shi da nauyi, ɗanka zai iya aiko shi ta hannun mai zuwa.

Yanzu maganar mita 20. Ka sauke ta, Alhaji, aƙalla a wannan shekara. Layi shi ne ya fi komai tsada a wannan sha'awa. Guntun LGB miƙaƙƙe na santimita 60, sai ka sayi sama da 33 kafin ka cika mita 20, da yuro za a biya, ga kuɗin jirgin ruwa, ga kwastan a Tema. Kuma zagaye tsakar gida da layi a ƙasa yana nufin Hajiya za ta riƙa tsallake shi da tukunya a hannu sau goma a rana. Abin da nake ganin zai warware rigimar shi ne ka ɗaga layin daga ƙasa ka manna shi da katanga. Kanta mai faɗin santimita 30, tsayinta daga ƙasa kamar ƙugunka, tsawonta mita shida zuwa takwas a jikin katanga ɗaya tak. Ƙasan tsakar gida na nan a hannun Hajiya, ruwa ba ya fantsama masa laka, ƙafar mutum ba ta taka shi, kai kuma kana tsaye ko kana kan kujera za ka yi aikinka ba sunkuyo. Kada ka ga kamar layin da ba ya zagayawa ba shi da daɗi. Layin Takoradi ma ba zagaye yake yi ba, zuwa ne da dawowa. Da rimot a hannu, ka yi tasha a kowane ƙarshe da mararraba ɗaya ta sauya layi, jikoki su loda goro a nan su sauke a can, kai kana tuƙi kana ba su labarin Obuasi da Dunkwa da Tarkwa. Kawai ka tabbata ka sa abin tsayarwa mai ƙarfi a ƙarshen layin da ɗan shinge a gefe, don faɗowa daga wannan tsayi kan siminti zai fasa shi.

In daga baya zuciyarka ta nace sai zagaye, ka san cewa guntaye 12 masu lanƙwasa da suka zo maka suna yin da'ira mai faɗin mita 1.2, tana buƙatar fili kamar mita ɗaya da rabi. Ƙaramin kan jirginka yana bin ta ba matsala, amma dogayen kawuna sun fi son da'ira mai faɗin mita 2.4. Wannan dalili ne mai kyau na kada ka yi sha'awar babban kan jirgi da ka gani a bidiyo.

Kafin ka zaɓi katanga, ka tsaya a baranda ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka ga inda ruwan kwano ke zuba da inda yake taruwa, ka guji wurin. Abokanka masu walda a Magazin za su yi maka maƙallan ƙarfe a kafe a bango, a shafa musu fentin hana tsatsa. A kai ka ɗora siraran falalen siminti ko katako. In katako ne, ka je kasuwar katako ta Sokoban ka nemi katakon odum ko tik. Katakon da ake kira wawa yana da araha amma gara da ruwa za su cinye shi, kuma kowane irin katako ne kada ya taɓa ƙasa. Ka sa magini ya daidaita kantar da tiyo mai ruwa ta kwanta sumul. Jirgi ba ya son hawa, in ya zama dole kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. Ka huda ramukan zubar ruwa. Kada ka danne layin da ƙusa a ko'ina, domin tagulla tana miƙewa da zafi: mita goma na iya ƙaruwa da fiye da rabin santimita tsakanin sanyin asuba da ranar tsaka, in ba ta da wurin motsi sai ta karkace. Ka bar 'yar tazara a mahaɗai, ka zuba ƙananan tsakuwar kwari masu kaifi su riƙe shi. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta riƙo. Ɗaukar bulo da siminti kuwa na yaran shago ne, kai naka nuni.

Tun da ba wuta a layinka, ba dole sai tagulla sabuwa ba. Ta hannu da ta yi baƙi ta wadatar, kuma tana yin shekaru a waje. Akwai na alminiyam mai sauƙin kuɗi, akwai ma masu yin nasu da siraran alminiyam da suke cusawa a tsagar da aka yi wa 'yan katakai. Mai hannu irin naka zai iya, muddin ya yi ɗan ma'auni na milimita 45 cif yana gwadawa a kowane taku. Ka dai tuna tagulla tana da kuɗi a wurin awon ƙarfe, don haka katangar da ba a hangowa daga titi ta fi, kan jirgi da batir kuwa a ɗaki za su riƙa kwana.

Ɗanka ma a tuna da shi. Na san yana da nasa kason a hidimar bikin ƙanwarsa, kuma zaman Turai ba kwasar kuɗi ake yi ba. Kada ka aika masa jerin kaya yanzu. Ka ce kawai ya duba maka farashin layi na hannu na mita shida da na rimot, ya rubuto, ka nuna wa Hajiya lambar da idonta. Yawancin tsoronta na abin da ba ta san iyakarsa ba ne. Ka ware kuɗin daga abin da shago ke kawo maka, kaɗan kaɗan a wata, sannu ba ta hana zuwa. Layi yana da nauyi, ya biyo kayan jirgin ruwa. In batirin litiyam zai zo da shi ta jirgin sama, a jakar hannu ake ɗaukarsa ba a cikin akwatin da ake lodawa ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce Wh 100 (ma'aunin ƙarfin da batir ke ɗauke da shi), naka kuwa, in mai 2,500 ɗin nan ne, wajen 37 ne. Kuma ranar da mai walda ya zo aikin kanta, ka tambayi Hajiya ko akwai abin da take so a gyara mata, ƙarfen shanya ko akurkin kaji, a fara da nata. In ta ga dama ta jera tukwanen na'ana'a da ɗoɗɗoya a ƙarƙashin kantar, madalla. In ba ta da sha'awa kada ka matsa mata sai ta so abin da kake so.

Tana iya cewa a'a ko bayan duk wannan, kuma in ta faɗa ka karɓa da fuska sake. Jirgin batir yana da wata fa'ida: tun da mahaɗai ba sa ɗaukar wuta, cikin minti goma sha biyar za ka shimfiɗa layi a baranda ko a kan siminti ranar Asabar bayan la'asar, a yi wasa, kafin magariba ka tattara ka mayar akwati. Akwai kuma siririn lungun da ke tsakanin ɗakuna da katanga, wanda a gidaje da yawa ba a amfani da shi. Malaman Islamiyyar unguwa ma za su yi maraba da kai in ka kai shi farfajiyarsu ranar hutu ka nuna wa yara yadda batir da moto ke aiki. In kuwa ka ba da haƙuri da gaske amma sanyin bai wuce ba bayan mako biyu ko uku, to akwai wata damuwa a ƙasa wadda ta girmi jirgi, wataƙila ta shafi kuɗin bikin ko zamanka a gida wuni guda da ba ku saba ba. A nan sai ka nemi babban da ita take jin nauyinsa, yayanta ko malaminta, ya zauna da ku. Kada ka kai maganar majalisar masallaci.

In kun daidaita, ka aiko mini da awon katangar da Hajiya ta zaɓa da hoton ƙasan kan jirgin, in nuna maka wayar da za ka raba da wadda za ka bari. Ka gaishe ta da kyau, Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ba amarya da ango zaman lafiya.